Kuɗin Tafiya Gasa: Dole Ne ko Taimako?

Tambaya: Malama, 'yata tana aji biyu a ƙaramar sakandare ta gwamnati. Sun ci gasar kacici-kacici ta ƙaramar hukuma, za su tafi matakin jiha, an ce kowane gida ya kawo kuɗi. Dole ne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, barka da arziki, Allah ya yi wa yarinya albarka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatu daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma wajibi. Saboda haka wannan gudummawa ce, kada a kunyata yaro don iyayensa sun gaza.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki halarci taron ƙungiyar iyaye da malamai, ki nemi a fayyace kuɗin mota, abinci da masauki. Kowa ya bayar gwargwadon ƙarfinsa, a tuntuɓi tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar unguwa. A ba da rasit, ma'aji ya karanta lissafi bayan dawowa, kuma malama mace ta raka 'yan matan.

Ko sun ci ko ba su ci ba, ku tarbe su da murna.