Fumfunar Da Ke Ɓata Gyada

Fumfuna iri-iri ce, amma wadda ya kamata hakimai da malamansu su sani ita ce dangin da masana ke kira Asfajilus. Wani masanin tsirrai na ƙasar Italiya, Micheli, shi ya raɗa mata sunan a 1729. Da ya dube ta da madubin likita sai ya ga sili-sili masu kai a dunƙule, kamar abin da ake yayyafa ruwa da shi a coci, sai ya ba ta sunan abin nan.

A cikin ƙasa take zaune, aikinta ruɓar da ganye da kara su zama taki. Wannan kam alheri ne. Amma akwai wata daga cikin dangin, mai launin rawaya-rawaya da tsanwa, wadda kan kama gyada da masara in ba su bushe sosai ba. Takan bar dafi a cikinsu mai lalata hanta, dahuwa kuwa ba ta kashe shi. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don cin tunkuzar gyadar da aka kawo daga Birazil, daga nan aka gano dafin.

Saboda haka hakimai su gargaɗi dagatai su shaida wa talakawa a busar da gyada sarai kafin a kai rumbu. Wadda ta yi fumfuna a tsince a ƙone, kada a yi ƙuliƙuli da ita, kada kuma a ba dabbobi.