Kiwon Kifin Ado a Gida: Darasi Daga Mubi

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin kifi. Yana da tarwaɗa da karfasa da gaiwa da ƙurungu da giwan ruwa, yana da koma da taru da birgi na kama su, har ya kai kifi cikin karin magana, inda yakan ce "kifi na ganinka mai jar koma." Sai dai idan aka lura, galibin kifayen da ya raɗa wa suna waɗanda ke shiga tukunya ne. Wannan 'yar muƙala za ta yi tsokaci a kan wani kifi da ba a ci, kallo kawai ake yi, da abin da na koya wajen kiwonsa a nan Mubi.

Matsalar Suna

Ranar da na shigo gida da akwatin gilas, kakata ta tambaye ni yaushe za su girma a soya. Da na ce ba sa girma, sai ta ce, "To ɗan nan, wahalar me kake yi?" A nan na gane ba mu da kalmar abin. Na zaɓi "kifin ado", bisa ƙirar "kayan ado", mazauninsa kuma "akwatin kifi". Wadda ta fi ba ni wuya ita ce ta taronsu. "Garke" na dabbobi ne, "gungu" kuwa bai nuna tafiya tare ba. Ni dai na tsaya a kan garke, domin waɗannan kifaye sukan juya lokaci guda tamkar tumaki sun ji sandar makiyayi. Ina gayyatar 'yan'uwana ɗalibai su kawo wadda ta fi.

Kifin Kansa

Sunansa niyon tetira. Asalinsa ƙoramun kogin Amazon ne a ƙasashen Peru da Kolombiya da Burazil, kuma a shekarar 1936 masanin kifi George Myers ya ba shi sunan kimiyya. Tsawonsa bai wuce santimita 4 ba. Yana da zane shuɗi mai sheƙi daga ido zuwa baya, da ja daga tsakiyar jiki zuwa wutsiya. Da dare launin yakan dusashe, da safe ya dawo. Ba a ajiye shi shi kaɗai. Aƙalla 6, in da hali 10, a akwati mai cin kamar lita 60. Idan sun yi kaɗan sai tsoro ya kama su, su laɓe, su ƙi cin abinci.

Kuskuren Da Na Yi

Guda 10 na fara da su, cikin mako biyu saura 3. Laifin nawa ne ta fuska biyu.

Na farko, na zuba su a sabon ruwa ranar da na kawo su. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne gare shi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a matatar ruwa da tsakuwa, su mayar da amoniya nitirait, wasu kuma su mayar da nitirait nitiret, mai sauƙin illa. Kafin su yawaita sai an yi mako 4 zuwa 6. Wato sai akwati ya "nuna" kafin a sa kifi, kamar yadda ake jiran daddawa. Shi ya sa ma ba a wanke matata da sabulu, ba a kuma juye ruwan gaba ɗaya. Kashi ɗaya cikin huɗu ake canzawa kowane mako.

Na biyu shi ne zafi. Wannan kifi yana son ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 26, ni kuwa a watan Afrilu na saye su, lokacin da zafin Mubi kan kusanci digiri 40, ga ɗakina rufin kwano ne. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, don haka da an ɗauke wuta injin iska ya tsaya, sai in ga sun taso sama suna haki. Dabarar randa ce ta cece ni: na mayar da akwatin ƙuryar da rana ba ta kaiwa, na buɗe murfi, na kafa ƙaramar fanka mai caji tana kaɗa saman ruwan. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, sai in rufe shi da dare.

Abinci kuwa, ɗan abin da za su cinye cikin minti 2 ya wadatar. Yawan bayarwa ya fi yunwa kashe su.

Na Gida

Daga baya na karanta cewa muna da namu. Akwai wani ɗan kifi mai tafiya a garke, saman idonsa na ƙyalli shuɗi kamar fitila, da ake samu a kogunan Neja da Binuwai da yankin Tafkin Chadi, inda kogin Yedzaram da ya ratsa Mubi ya nufa. Turawa na kiwonsa a akwatunansu. Na kwatanta shi ga wani tsohon masunci, ya yi dariya ya ce irin waɗannan ai 'ya'yan kifi ne, zubarwa suke yi idan koma ta kwaso su. Na ba shi kwalba, na roƙe shi in ya gamu da su ya ajiye mini da ransu, ya kuma tambayo mini sunansu wajen abokan sana'arsa.