KIWON LAFIYAR AL'UMMA: DARASI DAGA GUBAR DALMA A YANKIN ANKA DA BUKKUYUM

Gabatarwa

Likitan asibiti yana duba marar lafiya ɗaya ne a lokaci guda, ya gano ciwonsa, ya rubuta masa magani. Shi kuwa masanin kiwon lafiyar al'umma, gari ne gaba ɗaya majinyacinsa. Tambayoyinsa su ne: su wa ciwon ya kama, a ina, yaushe, kuma me ya haɗa su? Wannan fanni yana cikin waɗanda likitoci kan ɗauki horon ƙwarewa a kansu bayan digirin farko, kuma tushensa shi ake tambayarsu a jarrabawar share fage. To amma tushen nan bai fi ƙarfin malamin makaranta ba. Wannan darasi zai yi bayaninsa ta hanyar annobar gubar dalma da ta auka wa wasu ƙauyukan yammacin jihar Zamfara a shekarar 2010.

Yadda Aka Gano Annobar

A farkon 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Dareta da Abare da Tungar Daji da Sunke da Duza da Bagega na ƙaramar hukumar Anka, da kuma 'Yargalma da Tungar Guru na Bukkuyum. Yaro kan fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. Da yake lokacin zafi ne, an zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, amma magungunansu ba su yi aiki ba. Kafin wannan ma mutanen ƙauyukan sun lura agwaginsu na mutuwa, sai dai ba wanda ya danganta mutuwar agwagwa da ta yaro. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka ci karo da al'amarin, aka aika da jinin wasu yara ɗakin gwaji a Turai, sakamako ya nuna dalma ce.

Daga ina dalma ta shiga jinin yaron da ko yaye shi ba a yi ba? Farashin zinare ya tashi a duniya bayan rikicin tattalin arziki na 2008, manoma da yawa suka koma haƙa. Duwatsun da aka riƙa haƙowa a wannan yanki suna ɗauke da dalma mai yawan gaske. Akan kawo su gari a buhuna, a farfasa, a niƙa da injin niƙan hatsi ko a daka a turmi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ƙasa da ɗakunan kwana da kwanukan abinci. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki. Bugu da ƙari, jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa, ga shi ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba. Shi ya sa uban da ke niƙa dutsen yana tafiya da ƙafarsa, ɗan da ke wasa a gefensa ya mutu.

Ƙidaya

Ginshiƙin farko na wannan ilimi shi ne ƙidaya. Cewa "yara da yawa sun mutu" kuka ne, ba hujja ba. Sai an san nawa suka mutu, cikin nawa, a tsawon wane lokaci.

A watan Mayu na 2010 ayarin masana daga cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na Nijeriya, suka bi Dareta da 'Yargalma gida gida. Sun tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Idan ɗalibi ya raba 118 da 463 ya ninka da 100, zai sami kimanin kashi 25 cikin 100, wato yaro ɗaya cikin kowane huɗu. Lambar ƙasa, wato 463, ita ce ɗalibai suka fi mantawa da ita, alhali kuwa ita ke ba ta sama ma'ana: mutuwar yara 118 a birnin Gusau da mutuwar 118 a ƙauyuka biyu ba abu ɗaya ba ne. Daga cikin yara 204 da aka auna jininsu, kashi 97 cikin 100 suna da dalma maikurogiram 45 ko fiye a kowace desilita ta jini, wanda shi ne mizanin da ake fara ba da magani a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa. An ƙiyasta yaran da suka mutu a yankin baki ɗaya da fiye da 400.

Wannan hanya ta bin gida gida tsohuwa ce. Da ita John Snow ya gano a 1854 cewa wani famfon ruwa ne ke yaɗa kwalara a wata unguwa ta Landan, tun kafin a san ƙwayar cutar.

Matakan Rigakafi

Masana sun kasa rigakafi gida uku: hana ciwo shiga tun farko, gano shi da wuri a yi magani, da rage naƙasar da ya bari. A Zamfara an ga yadda na biyu ba ya tsayuwa sai da na farko.

Maganin da MSF ta yi amfani da shi, DMSA, yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma idan aka yi wa yaro magani aka mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da dalma, an yi ba a yi ba ke nan. Saboda haka aka kafa sharaɗi: ba za a buɗe magani a ƙauye ba sai an tsabtace shi. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da gwamnatin jiha da mutanen gari, suka riƙa kankare saman ƙasar gidaje da fartanya da shebur, a kwashe a binne a ramuka na musamman, a zubo sabuwa. An yi Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sannan Tungar Daji da Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, yaranta kuwa suna zaune ba magani. Wannan jinkiri ba na ilimi ba ne, don an san ciwon, an san maganinsa.

Hana haƙar zinare da baki kawai bai wadatar ba, domin mai neman abinci ba ya barin abin da ke ciyar da shi, sai dai ya ɓoye. Abin da ya fi tasiri shi ne shigo da sarakuna da masu unguwanni da limamai, aka amince a fitar da niƙa bayan gari, a jiƙa dutse kafin a niƙa don rage ƙura, mahaƙi kuma ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida. Duk da haka, a 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a Shikira ta jihar Neja. MSF ta miƙa aikin Zamfara ga gwamnatin jiha a 2022.

Mataki na uku shi ya shafi malami kai tsaye. Magani yana ceton rai, amma ba ya mayar da abin da dalma ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Yaron da ya tsira yakan zo aji da saurin mantuwa, ko rashin natsuwa, ko raunin ji. Bulala ba ta gyara wannan. Yana buƙatar a zaunar da shi gaba, a maimaita masa, a sanar da iyaye da ma'aikacin lafiya. Haka nan rajistar aji kanta kayan ƙidaya ce: malamin da ya ga yara biyar daga unguwa ɗaya sun daina zuwa a mako guda da ciwo iri ɗaya, wajibinsa ne ya kai rahoto asibitin da ke kusa.

Auna Fahimta

1. Me ya sa aka jinkirta magani a wasu ƙauyuka har sai da aka kwashe ƙasa?
2. Ɗauki rajistar aji ɗaya ta zangon karatu guda, ka fitar da kason yaran da suka yi fashi saboda rashin lafiya, ka rarraba su bisa unguwanninsu.