Darasi Ga Masu Akori-kura: Motar Da Ke Tafasa Yau, Gobe Ta Yi Lafiya

 Yau mun ajiye farashin gero da dawa a gefe, za mu yi magana a kan abin da ke kai su kasuwa, watau mota.

Ku sani, da yawa daga cikinmu a nan Shanono, hatsinmu a bayan tsohuwar Fijo akori-kura yake tafiya Dawanau. Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, kuma an daɗe da daina haɗa 504, saboda haka wadda ke hannunmu duk ta manyanta. Cutar da ta fi wahal da mu ita ce zafin inji mai zuwa ya tafi. Yau ta tafasa, gobe ta je Kano ta dawo lafiya lau, in ka kai wa bakanike sai ta yi lamo kamar ba ita ba.

Mu ma ta taɓa mu. Wata kaka mun ɗora wake, mota ta tafasa kafin Bichi. Muka zuba ruwa muka wuce, sati uku muna haka. Ran da ta ƙi, gasket ya ƙone, kaya suka kwana a hanya, wanda muka yi alkawari da shi ya sayi na wani. Da aka bincika, ashe asalin abin murfin lagireto ne, wanda kuɗinsa bai wuce na 'yan kwanonin wake ba.

To, darasin shi ne: kafin ka tambayi me ya lalace, fara tambayar direba da yaron mota yaushe take tafasa. Lokacin shi ke nuna ciwon.

Fasali na farko. In tana tafasa a tsaye ko a cunkoso, amma da ta samu hanya sai allura ta sauko, to iska ce ba ta isa lagireto. Danna fambel da babban yatsa. In ya lotsa fiye da faɗin yatsa, ya saki. Duba fanka, domin a wasu Fijo ba ta kama aiki sai inji ya yi zafi, kuma makunninta kan yi yau ya ƙi gobe. Sannan leƙa gaban lagireto. Mu masu hatsi, ƙaiƙayi da ƙurar masussuka su ke toshe mana shi. A wanke shi daga ɓangaren inji, dattin ya fita ta gaba.

Fasali na biyu. In tana lafiya ba kaya, amma da lodi ko a hawa ko a gudu sai ta tafasa, to ruwa ne ba ya zagayawa sosai. Bayan inji ya ɗumama, kashe shi, ka shafa lagireto a hankali. In wani wuri zafi wani wuri sanyi, ya toshe daga ciki. Ruwan rijiya da na kududdufi su ke barin laka da tsatsa, haka kuma gari ko ƙwai da wasu ke zubawa don toshe yoyo. Duba kuma tiyon ƙasa: in ya yi laushi, yakan shanye ya manne in an taka mai, ya buɗe in an saki. Famfon ruwa ma yakan cinye.

Fasali na uku. In ba ta da lokaci, fara da murfi. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana matse shi har ya kai wajen 120 bai tafasa ba. In robarsa ta mutu, ranar sanyi ba ka ganin komai, sai bazara ta kai 40 asiri ya tonu. Bayansa sai tamostat, mai buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, wanda kan maƙale wata rana. Jefa shi a tukunyar ruwa mai tafasa. In bai buɗe ba a sa sabo, kada a cire a bar wurin haka.

Amma gasket, ga alamarsa. Da safe inji na sanyi, buɗe murfi ka ta da mota. In kumfa na tasowa ba yankewa, ko baƙin mai ya koma kamar koko da madara, ko farin hayaƙi na bin salansa, ko ruwa na raguwa ba yoyo, ajiye ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Jan kunne: in ta tafasa a hanya, kada yaro ya buɗe murfi, tururi na sale fuska. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, kan inji na iya tsagewa. A jira ta huce, a ta da ita, a zuba kaɗan-kaɗan.

Ku kuma dillalai, in za ku yi shatar mota, ku tambayi mai ita jarka nawa take sha zuwa Kano. Wadda ke tafe da jarka uku, kayanku na cikin haɗari.

Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Haza wasalam.