Rainon Alobera a Gidajen Nima da Maamobi

Alobera, wadda asalinta daga yankin Larabawa ne, tana cikin tsirrai masu kaurin ganye, wato waɗanda ke adana ruwa a jikinsu domin jure fari, kuma wannan ɗabi'a ce ta sa yawan ban ruwa ya fi ƙishirwa saurin hallaka ta. A Accra, birnin da unguwannin Nima da Maamobi suke, inda iskar teku ke ɗauke da laima, kuma damina ke zuwa sau biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli da ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba, saiwarta kan ruɓe idan ƙasar tukunya ta daɗe a jiƙe.

Saboda haka tukunyar yumɓu mai huda a gindi ta fi ta roba dacewa, a cika ta da ƙasa gauraye da yashin rafi da gutsattsarin gawayi, amma a guji yashin bakin teku, domin gishirinsa yana ƙona saiwa. A gidajen haya masu cunkoso, inda tsakar gida ke da ƙunci, bakin taga mai samun hantsi ya wadatar, muddin ruwan indararo ba ya zuba a kanta. Ba a ƙara ruwa sai ƙasar ta bushe sarai, ko da a lokacin hunturu, kuma ruwan da ya taru a ƙarƙashin tukunya a zubar da shi, tun da sauro na hayayyafa a ciki.

'Ya'yan da ke tsirowa a gindin alobera ana cire su da saiwarsu, a bar su kwana 2 a inuwa kafin dasawa. Ruwan rawaya mai ɗaci da ke ƙarƙashin ɓawon ganye yana sa gudawa, don haka masu juna biyu da ƙananan yara su nisanci shansa.