Juji A Sararin Samaniya

Idan muka ɗaga kai da dare muka dubi taurari, sai mu ga kamar babu wuri mai tsabta irin sama. Amma tun ran 4 ga Oktoba 1957, da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, muke ta barin shara a can: matattun taurarin ɗan'adam, gangar jikin rokoki, kusoshi, har da ɓawon fenti. Vanguard 1 da Amurka ta harba a 1958 ya daɗe da daina aiki, amma har yau yana kewaya duniya.

Haɗarin wannan shara yana cikin gudunta ne. Abin da ke kewaye kusa da duniya yana gudun kilomita wajen 28,000 a awa ɗaya. Da irin wannan gudu, ƙarfe ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa ya isa ya huda kumbo. A 1978 wani masani na hukumar NASA, Donald Kessler, ya yi gargaɗi cewa idan shara ta yi yawa, karo ɗaya zai haifar da tarkace, tarkacen kuma su jawo wani karon, har hanyar ta ƙi biyuwa.

Mun fara ganin alamar haka. A 2007 ƙasar Sin ta harbe wani tsohon tauraronta da makami mai linzami, ya tarwatse gida fiye da 3,000. A 2009 kuma Iridium 33 na Amurka da Kosmos 2251 na Rasha suka yi karo a saman Saiberiya. Wani lokaci sharar kan faɗo mana: a Disamba 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kilo wajen 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku na Kenya.

To, mene ne mafita? Na farko, a rage wa tauraro ɗan mai, domin idan ya gama aiki a sauko da shi ya ƙone cikin iska. Manya irin tashar Mir, wadda aka sauko da ita a 2001, ana nufa da su tsakiyar tekun Pasifik inda babu mutane. Na biyu, waɗanda ke can nisan kilomita 36,000 ana tura su gaba da kamar kilomita 300, wurin da ake kira maƙabartarsu. Na uku, a yi roka mai komowa: tun 2015 rokar Falcon 9 take dawowa ta sauka a tsaye, a sāke harba ta.

Kada mu ce wannan matsalar manyan ƙasashe ce kawai. Hasashen damina, talabijin da taswirar wayarmu duk sun dogara ga taurarin nan, Nijeriya ma ta harba nata na farko a 2003. Allah ya ba mu amanar halittarsa, amanar kuwa ba ta tsaya a harabar makaranta da muke sharewa kullum ba. Rigakafi dai ya fi magani.