Darasi na Tara: Warkar da Tabon Razana ta Hanyar Jiki

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa tsoro ba a zuci kaɗai yake tsayawa ba. Shi ya sa akan ce gaban mutum ya faɗi, ko hantar cikinsa ta kaɗa, ko jikinsa ya yi sanyi, ko tsikar jikinsa ta tashi. A kan irin wannan fahimta wasu masana halayyar ɗan'adam suka gina hanyar jinyar waɗanda suka tsira daga yaƙi ko haɗarin mota ko fyaɗe, amma razanar ta ƙi barin su.

Idan mutum ya gamu da masifa, jikinsa kan shirya wa ɗayan abu uku, wato faɗa ko gudu ko sandarewa. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, tsoka ta ɗaure. Matsalar ita ce, a wajen wasu jikin ba ya komawa daidai bayan masifar ta wuce. Alal misali, yaron da rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a 2009, ya raba da garinsu zai iya ruga ƙarƙashin benci don an bugo ƙofar aji. Malamin da bai sani ba sai ya ɗauka shashanci ne.

Peter Levine, wani masani ɗan Amurka, ya bayyana a littafinsa na 1997 cewa barewar da ta kuɓuta daga maƙiyinta takan yi karkarwa, sannan ta koma kiwo. A ganinsa, mutum kan danne wannan karkarwa, sai razanar ta maƙale. Saboda haka, a hanyarsa ba a tilasta wa majinyaci ya maimaita labarin duka. Akan tambaye shi inda yake jin nauyi ko zafi, sannan a mai da hankalinsa ga wani sashe mai natsuwa, kamar tafin ƙafarsa a ƙasa. Haka za a yi ta kaiwa da komowa, kaɗan-kaɗan. Bessel van der Kolk ya ƙara yaɗa wannan ra'ayi a littafinsa na 2014.

Sai dai binciken da ke goyon bayan hanyar bai kai na jinya ta tattaunawa yawa ba, kuma ba ta cikin hanyoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar bi a 2013. Aikin malami ya tsaya ga lura da alamomi da tura yaro wajen ƙwararre.